Ranar da Na Kashe wa Taubashina Mikiro

Daga Konni har Illela, daga Malbaza har inda kwalta ta gaji ta bar wa jakai hanya, ba a haifi wanda ya taɓa rufe mini baki ba. Uwata ta ce ranar da aka haife ni, ungozoma ba ta gama yanke cibi ba na yi mata sannu da aiki. Na taɓa yin gardama da jandarma a hanyar Tawa har ya cire hularsa ya yi fifita da ita, ya ce in tafi don Allah, in bar masa sauran kunnensa. Shi ya sa lokacin da aka nemi wanda zai riƙe mikiro a fagen kokowar garinmu, ba a tara dattawa ba, ba a yi shawara ba. Shagona aka zo, aka same ni ina taka keken ɗinki, aka ce in taso.

Ni tela ne a kasuwar Badagishiri, amma da zarar an ɗaure gero an sa a rumbu, an fara kokowar kaka, sai in zama wani mutum. Ni ke kiran 'yan kokowa ɗaya bayan ɗaya, in faɗi garin kowa, in ƙara wa kowa tsawo da faɗi. Ni ke faɗin wanda ya kā da wanda aka kayar. Ni ke cigiyar takalmin da ya ɓata da akuyar da ta tsinke. In mai kuɗi ya yi kyauta, ni ke ɗaga shi sama har shi kansa ya fara waiwaye ya ga wa ake nufi. Shekara ashirin ina wannan aiki, kuma ba zan ɓoye ba, na fi son mikiron nan da keken ɗinkin da ke ciyar da ni.

Fagenmu yana da doka guda wadda ni ke karanta ta kafin a fara: ba siyasa cikin fage. Dokar ba daga sama ta faɗo ba. Wata shekara wani ɗan kokowa ya ɗaura ƙyalle mai launin jam'iyyarsa a ƙugu, makaɗin abokin karawarsa ya yi masa habaici da ganga, kafin ka ce kwabo bencina sun tashi sama kamar tsuntsaye. Wani tsoho da ya zo kallo kawai ya koma gida babu haƙoransa biyu na gaba, kuma su kaɗai suka rage masa. Na ga jini a yashi ranar, kuma ba na 'yan kokowa ba ne. Daga nan kwamiti ya sa mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya rubuta doka a takarda: ɗan kokowa ba zai ambaci jam'iyya ko ɗan takara a kirarinsa ba, makaɗi ba zai yi zambo ba, wanda ya karya an kore shi. Har yau ina ganin dokar tana da dalilinta.

Sai dai an bar mata ƙofa ta baya. Babban baƙon da ya ba da sa, wato bijimin da za a ci a ƙarshe, ana ba shi mikiro ya gai da jama'a. Gaisuwa kawai. Kuma mai ba da sa a ƙasarmu, in ka duba da kyau, akwai abin da yake nema.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wanda na girma da shekaru masu yawa. Ni ina ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, kuma har iyayenmu suka tsufa ba a raba wannan shari'a ba. Allah ya raba mana kaya daidai: ni aka ba baki, shi aka ba ƙirji. In ya yi magana uku a yini ɗaya, matarsa takan taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Yana zaune a wani ƙauye kan tudu ta wajen Tajaye, inda in ka haƙa ƙasa dutse ke yi maka maraba. Ya daɗe yana kokowa, ya kā da manya, amma gwiwoyinsa sun fara ƙara in ya tashi, kuma kowa ya san wannan kakar ce ta ƙarshe gare shi.

Ƙauyensu famfo ɗaya gare shi, kuma ya lalace. Mata kan fita da amalanke da jarkoki tun sassafe su gangara kwari, ba su dawo ba sai rana ta take tsaka. 'Yan mata sun daina zuwa lakwal saboda ɗiban ruwa. Dattawan ƙauyen sun je buro, ofishin hukuma, sun kai kuka, aka ce su dawo, suka dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. A kokowar bara, wani babban ɗan siyasa, shi ne baƙonmu, ya tsaya a fagen nan ya ce kafin gero ya fid da kai famfon zai yi ruwa. Ni na riƙe masa mikiro. Da ya gama ma sai da na ƙara gishiri, na ce, “Kun ji, mutanen tudu! Ruwa zai zo har ku gaji da wanka, har jakanku su koyi iyo!” Aka yi tafi. Gero ya fid da kai, ya nuna, aka yanke, aka sussuka, aka ci. Famfo yana nan a bushe.

Saura kwana uku kokowa, taubashina ya shigo shagona da wandon kokowarsa da ya yage a gefe. Ya ajiye a kan keke, ya zauna.

Na ce, “Bawana, an gai da ubangida in an shigo.”

Ya ce, “Ai bawan nika jira ya gaishe ni.”

Na fara ɗinki ina ba shi labarin wani Bature da na taɓa koya wa Faransanci. Bai yi dariya ba. Da na kai tsakiya ya ce, “Mutumin bara ne za ya dawo?”

“Shi ne. Ya aiko da sa, fari, doronsa kamar rumbu.”

“To, in Allah ya kai ni ƙarshe, ka sa min mikiro a baki in yi kirari. Kada ka ɗauke sai na gama.”

Na tsayar da keke. “Mi za ka ce?”

“Tambaya guda. Ruwan da kunka yi muna alkawari, kai da shi, ina ya kwana?”

Na ce masa wannan ai ba siyasa ba ce, ƙishirwa ce, ƙishirwa kuwa ba ta da jam'iyya. Na bugi ƙirji. Na ce ko gwamna ne zaune a rumfa, ko duk jandarmomin Konni sun kewaye ni, hannuna ba zai motsa ba. Na ce in ya manta wata kalma ma ni zan tuna masa. Ya ɗauki wandonsa, ya ce, “To,” ya fita.

Maganar da aka yi a shagon tela ba ta kwana a shagon tela, musamman in telan ni ne. Ban faɗa wa kowa ba sai mai shayi da mutum biyu da ke zaune wurinsa, su ma don su san irin jarumtar da za su gani.

Ranar kokowa, bayan azahar, aka jera buhunan yashi aka kewaye fage, aka kafa rumfa, aka tada inji. Mutane sun zo daga ko'ina, wasu a amalanke, wasu a babur mutum huɗu huɗu. Matan tudu sun tsaya a hanyarsu ta dawowa daga kasuwa, suka kifa jarkokinsu na ruwa suka zauna a kai, can gefen gabas. Ina gwada murya sai shugaban kwamiti, wanda muke kira parzidan, ya dafa kafaɗata ya ja ni bayan rumfa. Dattijo ne mai sanyin magana, ni ke ɗinka masa rigunan salla.

Ya ce, “Na ji ɗan kawunka yana da jawabi.”

Na ce, “Parzidan, mutumin da ko gaisuwa sai an roƙe shi?”

Ya ce, “Ka tuna haƙoran tsohon nan. Mutanen baƙo sun cika gefe guda, na abokin hamayyarsa sun cika ɗaya gefen. In aka taɓa shi a mikiro, ban san inda za ta tsaya ba.” Ya gyara mini wuyan riga. “Kuma mikiron ga na kwamiti ne, ba gadon gidanku ba. Akwai wani mushe mai murya, ya daɗe yana tambaya ta ko ka gaji.”

Na ce ban gaji ba. Ya ce shi ma haka ya gaya masa.

Na fito na karanta doka da murya mai kauri, kamar yadda na saba. Ba siyasa cikin fage. Sannan na kira babban baƙo ya gai da jama'a. Ya taso da babbar riga tana ƙamshi, na riƙe masa mikiro. Ya gai da sarakuna, ya gai da malamai, ya gai da mata da matasa. Daga nan ya shiga hanyoyin da za a yi, da asibitin da za a gina, da waɗansu mutane da bai ambaci sunansu ba waɗanda ba su son ci gaba, da abin da ya kamata mai hankali ya yi in ranar jefa ƙuri'a ta zo. Inuwar rumfa ta tashi daga ƙafata ta kai buhunan yashi yana magana. Hannuna ya mutu, na canza, ɗayan ma ya mutu. Bai ambaci famfo ba. Tsohon makaɗinmu ya matso kusa da ni ya ce a hankali, “Wagga gaisuwa, in da amsa ta za a yi, sai mun kwana nan.” Na yi kamar ban ji ba. Parzidan kuwa yana zaune yana gyaɗa kai. Babu wanda ya ɗauko takardar mushe.

Aka fara kokowa. Ban taɓa ganin taubashina kamar ranar ba. Na farko ya ɗaga shi kamar damin kara. Na biyu sun daɗe suna zagaye, sannan ya sa masa ƙafa. Na uku, wani ƙato daga wajen Malbaza, ya kusa kai shi ƙasa, amma ya juya da shi a ƙarshe, ƙasa ta amsa har mai ƙosai ta riƙe kaskonta. Duk lokacin da ya kā da mutum ina ihu ina yabonsa. Ban taɓa roƙon Allah a kā da ɗan'uwana ba, amma ranar na kai bakin ƙofar wannan addu'a na tsaya.

Ya kai ƙarshe. Abokin karawarsa wani saurayi ne daga wajen Bazaga, ɗan gidan makiyaya, dogo, hannuwansa kamar igiyar guga. Shi ya fara kirari, ya yi gajere, ya koma. Sannan taubashina ya tako, layu suna kaɗawa a damtsensa, gorar ruwan maganinsa a hannun hagu, irin wadda kowane ɗan kokowa ke kurɓa ya shafa kafin a kama. Na ɗaga masa mikiro.

“Ni ne dutsen tudu, mai garma ya gan ni ya ratse! Ni ne gawo, ina toho ran da sauran itace ke kuka! Ƙaya a hanyar rijiya, mai zuwa da gudu ya koma da ɗingishi!”

Ganga ta amsa, jama'a suka ɗauka. Ya bari ihun ya kwanta. Ya juya ya fuskanci rumfa. Muryarsa ta sauko, ta zama irin wadda yake tambayar farashin gero da ita.

“Ranka ya daɗe, bara nan wurin, gaban mutanen ga, kac ce muna…”

Akwai wani ɗan maɓalli a jikin mikiron, daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Na daɗe ina cewa yatsan ne ya yi, ba ni ba. Lasifika ta yi tsit. Bakinsa yana motsi, ba mai ji sai ni da alƙalin wasa. Na janye mikiron, na bubbuga shi a tafin hannu, na hura masa iska, na ɗaga shi ina dubawa kamar likita, na waiwaya wajen mai inji na yi masa tsawa da hannu, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Taubashina ya dubi mikiron, ya dubi yatsana, ya dube ni. Na gwammace da ya ɗaga ni ya buga da ƙasa.

Alƙali ya busa usur. Saurayin ya sunkuya ya miƙa hannuwa yana jira a kama. Taubashina bai je wajensa ba. Ya taka a hankali har bakin buhunan yashi, daidai gaban kujerar baƙo. Ya cire murfin gorarsa, ya ɗaga ta sama, ya kifa ta. Ko ɗigo bai faɗo ba. Sannan ya durƙusa, ya sa gwiwoyinsa biyu a yashi.

Wanda bai san kokowa ba zai ce gaisuwa ce. A fagenmu, in an busa usur, gwiwa biyu a ƙasa faɗuwa ce. Ba a tambayar wa ya tura ka. Mutum yakan yarda a karya masa haƙarƙari da ya bar gwiwarsa ta taɓa yashi. Wannan mutum ya kā da ƙarti uku, san yana ɗaure a gindin itacen bedi yana kallonsa, kokowarsa ta ƙarshe a duniya, ya ɗauka ya ajiye da kansa.

Fage ya yi shiru har ana jin inji. Saurayin ya matso, ya tsaya a kansa, ya ce, “Baba, tashi mu kama. Ban zo amsar sadaka ba.”

Ya ce, “Amshi sanka, ɗana. Ni ƙishirwa nika ji.”

Can gefen gabas wata tsohuwa ta tashi daga kan jarkarta ta fara buga ta da tafin hannu. Jarkar da babu ruwa ciki tana da murya. Ta kusa da ita ta ɗauka, sannan sauran. Ba su yi guɗa ba, ba su kira sunan kowa ba. Benci ko ɗaya bai tashi ba. Mutanen baƙo suka sunkuyar da kai, don su ma da yawansu matansu can kwarin suke zuwa.

Parzidan ya taso da sauri ya zo kunnena. “Yi magana mana! Ka ce wani abu, ka yi musu barkwanci!”

Nan na gane ramin da na haƙa. In na kunna, duk fage zai san da hannuna na kashe. Na ce, “Parzidan, ai ya mutu.” Na tsaya tsakiyar fage da mikiro a hannu, bakina a rufe, ni da ungozoma ba ta iya da ni ba. Ban san tsawon lokacin ba. A ganina an yi damina biyu.

Baƙo ya tashi yana murmushi, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ce wa na kusa da shi yana da wani taro a gaba. Motarsa ta fita. Alƙali ya kama hannun saurayin ya ɗaga, shi kuwa yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da sata. Dole a faɗi wanda ya ci, aikina ke nan. Na juya baya, na taɓa maɓallin, na ce, “Jama'a…” Lasifika ta amsa tangaram. Wani daga cikin taro ya ce, “Allahu akbar, ya tashi daga matattu!” Dariyar da aka yi ranar ita ce mafi girma da na taɓa jawowa a fage, kuma ba da niyya ba.

Kwamiti ya zauna washegari. An daɗe ana juya takardar mushe, don babu inda ta ce kada a durƙusa, babu inda ta hana kifa gora. A ƙarshe aka ce ya ɓata wasa, aka hana shi kokowa a fagenmu, shi da ya riga ya rataye layunsa. Na tambaya da ƙaramar murya ko gaisuwar baƙo ba ta taɓa doka ba. Parzidan ya ce baƙo ba cikin fage ya tsaya ba, bayan buhunan yashi yake. Na duba a raina, gaskiya ne, da taki ɗaya. Aka bar mini mikiro.

Kafin zafi ya shigo wata mota ta hau tudu da masu gyara, famfo ya yi ruwa. Wasu sun ce hoton durƙusonsa da aka ɗauka da waya ne ya yi ta yawo har ya kai inda ake jin kunya. Wasu sun ce zaɓe ne ya matso. Ni ban sani ba. Abin da na sani, wata biyu ban taka ƙauyen ba, in na hango taubashina a kasuwa sai in sunkuya ina neman allurar da ba ta faɗi ba.

Suna ne ya kai ni. Matarsa ta haihu, kuma ba a yin suna a gidan kawu babu ni. Bayan an yanka rago an yi addu'a, muka zauna a inuwa ana shan fura, da ruwan famfon aka dama ta. Aka taso da maganar kokowa. Na ga babu mafita sai gaba. Na ce ai tare muka shirya, ni da shi, tun a shago. Na ce ni na ba shi dabarar gorar. Na ce kashe mikiron nan hikima ce irin ta manya, wadda sai an shekara ake ganewa, kuma da na ga dama da na kunna na gaya wa baƙon abin da zai sa ya bar takalmansa a rumfa. Dattawa suna ta murmushi cikin ƙwarya.

Taubashina ya shanye furarsa, ya goge baki, ya ajiye ludayi.

Ya ce, “Bawana, ni godiya nika yi maka. Da ka bar shi kunne, da ba wanda ya ji ni. Shekara ashirin kana magana cikin abin ga, mutane sun saba, in ya yi ƙara sai su toshe kunne.”